Kafin a Kwashe Duka, a Tambayi Mai Jikin

Wata ƙawata mai shekara 38 ta kwana a gidana cikin hunturun bara. Kowa ya ƙudundune a bargo, ita kuwa wajen ƙarfe biyun dare na tarar da ita zaune a tsakar gida tana fifita da mafici, rigarta sharkaf da gumi. Watanta shida da tiyatar sankarar mahaifa. An cire mahaifar, aka haɗa da gidajen ƙwai biyu. Maigidanta ne ya sa hannu a takarda. Ita sai da ta farfaɗo ta ji abin da aka ɗauke.

Ban ce likitan ya yi ganganci ba, haka aka saba. Wannan sankara da ke kama shimfiɗar cikin mahaifa (ta bakin mahaifa daban ce) ta fi samun matan da haila ta riga ta ɗauke musu, waɗanda gidan ƙwansu ya gama aiki. Ga shi kuma sinadarin isturojin da gidan ƙwai yake fitarwa na iya ciyar da cutar, wani lokacin ma a can take ɓuya.

Sai dai ga mace mai sauran ƙuruciya, cirewar tsufa ne a dare ɗaya: zafin jiki, rashin barci, bushewar gaba, ƙashi ya soma zaizayewa, haɗarin ciwon zuciya ya ƙaru.

A 2009 Dakta Jason Wright da abokan aikinsa a Jami'ar Columbia ta Amurka suka duba bayanan mata 3,269 'yan shekara 45 zuwa ƙasa, duk cutar tana matakin farko. An bar wa 402 gidan ƙwansu, kuma ba a ga sun fi sauran mutuwa ba. Ƙa'idojin ƙwararrun Turai na 2021 sun yarda a bari idan mace ba ta kai 45 ba, sankarar ba mai zafi ba ce, ba ta ci rabin kaurin bangon mahaifa ba, ba ta kuma fita waje ba. Wadda ta gaji larurar Lynch ko BRCA, masu ƙara haɗarin sankarar gidan ƙwai, ba ta ciki, cire nata ya fi.

Barin gidan ƙwai ba ya mayar da ɗaukar ciki, tunda mahaifa ta tafi. Ban kuma ce ƙawata ta cika sharuɗɗan ba. Abin da ke damuna shi ne ba wanda ya zaunar da ita minti goma ya ce mata ga riba ga hasara. Da asuba tana haɗa shayi ta ce da ni wataƙila da kanta za ta ce a cire, da an tambaye ta.