Kura da Shan Bugu, Gardi da Kwashe Kuɗi

A ranar 6 ga Yuni, 2025, wata alƙaliya a Kaliforniya, Claudia Wilken, ta amince da sulhun da ya ba jami'o'in Amurka damar biyan ɗalibansu 'yan wasa kuɗi kai tsaye. Kowace jami'a tana iya raba musu kimanin dala miliyan 20.5 a shekarar farko, sannan za a biya waɗanda aka hana a baya diyyar kusan dala biliyan 2.8 cikin shekara goma. Muna ganin wannan adalci ne, ko da yake ya makara. Amma mu malamai ne, dole mu tambayi makomar karatun yaran.

Tun 1906 hukumar NCAA take kula da wasannin jami'o'i a ƙasar, kuma ta daɗe tana kafewa a kan cewa ɗan wasa ɗalibi ne kawai, tallafin karatu ya wadatar da shi. A 1955 wani matashi, Ray Dennison, ya rasu sakamakon raunin da ya ji yana buga wa kwalejinsa ƙwallo a jihar Kolorado. Matarsa ta nemi diyyar ma'aikaci, kotu ta ce marigayin ba ma'aikaci ba ne. A hankali wasan ya zama kasuwa. A 2010 kafofin talabijin biyu suka ƙulla yarjejeniyar dala biliyan 10.8 don nuna gasar ƙwallon kwando ta jami'o'i na tsawon shekara 14. Masu horarwa suna karɓar miliyoyi, yaran da ake zuwa kallo kuwa ko kuɗin talla an haramta musu. Duk wanda ya taɓa yin aiki wani ya ci guminsa ya san ɗacin wannan hali.

Kotuna ne suka tilasta gyara. A watan Yunin 2021 alƙalai tara na Kotun Ƙoli suka yanke hukunci da murya ɗaya cewa NCAA ba ta fi ƙarfin dokar hana babakere ba. Daga 1 ga Yuli na shekarar aka bar 'yan wasa su ci moriyar sunayensu da hotunansu. Haka ma batun sauya makaranta. A da, ɗan ƙwallon da ya koma wata jami'a sai ya yi zaman shekara guda bai buga ba, alhali mai horar da shi yana iya tafiya duk ranar da aka yi masa tayi mai tsoka. An sassauta dokar a 2021, a 2024 kuma aka cire iyakar adadin sauyin ga wanda karatunsa ya cika sharaɗi.

To, a nan damuwarmu take. Yaron da ya zaga jami'a uku cikin shekara huɗu, wane malami ne ya san shi? Wani binciken gwamnatin Amurka na 2017 ya gano cewa ɗaliban da suke sauya makaranta suna asarar kimanin kashi 43 cikin 100 na darussan da suka riga suka ci, saboda sabuwar makarantar ba ta ƙidaya su. NCAA da kanta tana cewa ƙasa da kashi 2 cikin 100 ne na 'yan wasanta suke zama ƙwararru. Sauran, ranar da gwiwa ta gaza, takardar digiri ce za ta ciyar da su. Abin ya shafe mu ta wata fuska, domin ta wannan ƙofa Hakeem Olajuwon da Tobi Amusan suka bi, kuma har gobe 'ya'yan Nijeriya suna bin sawunsu.

Masu cewa a koma gidan jiya ba mu tare da su, domin tauye yaro ba ya sa shi karatu. Abin da ya rage shi ne a zauna da 'yan wasan a rubuta yarjejeniya. Manyan gasannin ƙwararru na Amurka suna da ƙa'idojin albashi da na sauya sheƙa, kuma suna ɗorewa ne saboda ƙungiyoyin 'yan wasa sun sa hannu. A jami'o'i babu irin wannan. 'Yan ƙwallon kwandon Dartmouth sun kaɗa ƙuri'a 13 da 2 a watan Maris na 2024 don shiga ƙungiya, amma kafin shekarar ta ƙare suka janye. Ba a yi wa mutum aski a bayan idonsa, shi ya sa dokokin da aka yi ba da su ba suke ta faɗuwa a kotu.

Yarjejeniyar da muke fata ita ce wadda za ta tabbatar da tallafin karatu har yaro ya gama ko da ya ji rauni, ta ɗauki nauyin jinyarsa, ta kuma wajabta wa jami'ar da ta karɓe shi ta bayyana masa a rubuce darussan da za ta ƙidaya kafin ya taso. Iyayen da aka yi wa ɗansu ko 'yarsu tayi kuwa, kafin su tambayi nawa ne, su fara tambayar wace shekara zai karɓi digiri.