A Zaɓa wa Ƙwallon Makarantu Ranar da Ta Dace

Sau da yawa mukan ji malamai suna kukan cewa jama'a sun daina zuwa kallon wasan ƙwallo na makarantu. Mu dai a ganinmu laifin yana wajen masu tsara rana.

Mu ɗauki Karfi, a ƙasar Malumfashi. Filayen makarantunmu na ƙauye ba su da fitilu, saboda haka tilas a fara wasa bayan la'asar, a gama kafin magariba. In aka sa shi ran Litinin ko Talata, yara suna makarantar Islamiyya, akawu bai daɗe da tashi daga ofis ba. Da kaka kuwa manomi yana gona wajen yankan dawa ko cirar auduga. To, wa ya rage ya yi tafi?

Ko a Amurka an ga irin wannan. Tun farkon shekarun 2000, jami'o'in ƙungiyar Mid-American suke buga irin tasu ƙwallon da daren Talata da Laraba cikin watan Nuwamba, domin tashar ESPN ta nuna. Suna samun kuɗi da suna, amma sau da yawa kujerun fili sai su zauna wayam, don sanyi da aikin gobe. Su suna da abin da suka musanya 'yan kallo da shi. Mu ba mu da talbijin mai biyanmu, in mun rasa jama'a mun yi biyu babu.

Wani zai ce a mai da wasan Asabar ko Lahadi. Amma a waɗannan ranaku samari suna cika gidajen kallo don wasannin Ingila, malamai da yawa kuma sun tafi garuruwansu.

Shawararmu ita ce Alhamis da yamma. Bisa al'ada, Alhamis da Juma'a ranakun hutu ne na makarantun allo da yawancin Islamiyya, yara suna sake. A kuma duba ranar kasuwar gari, a kauce wa tsakiyar girbi, a sanar da dagaci tun da wuri don ya sa a yi shela.

Yaron da ya ga mahaifinsa a bakin fili yakan ƙara son makaranta, uba kuma yakan san malamin ɗansa. Muna roƙon hedimastoci da jami'an ilmi su duba wannan magana kafin su tsara wasannin bana. Allah ya sa a dace, amin.