Wankin Tagogin Benaye: Mu Harhaɗa Kayan Aikin Da Kanmu

Duk wanda ya ratsa unguwannin kasuwanci na Ikko, Abuja ko Fatakwal zai lura da yadda gilashi ya mamaye fuskar gine-gine. Bankuna, otal-otal, manyan kantuna da ofisoshin kamfanoni duk sun rungumi wannan yayi, kuma kowane falle na gilashin nan yana bukatar wanki, musamman a lokacin hunturu da ƙura ke lulluɓe komai cikin kwana biyu. Kwanakin baya na tsaya jiran wani abokin hulɗa a gaban wani bene mai hawa uku a Ikeja, sai na ga wani matashi a ƙolin tsani biyu da aka ɗaure da igiya, hannu ɗaya riƙe da bokiti, ɗayan kuma yana goge taga da tsumma, abokin aikinsa a ƙasa ya tokare gindin tsanin da ƙafa. Na tabbata mai karatu ya sha ganin irin wannan. Ra'ayina shi ne lokaci ya yi da ƙananan 'yan kwangilar share-share za su sauko da ma'aikatansu daga tsani, kuma hanyar yin haka mafi dacewa da aljihunsu ita ce su harhaɗa na'urar wanki daga ƙasa da kansu, maimakon jiran ranar da za su iya yin odar ta daga waje.

Ya kamata mu fara da bayanin na'urar. Doguwar sanda ce mai zugewa kamar eriyar rediyo, a kanta an ɗaura burushi mai laushi, ga kuma siririn tiyo da ke bin jikinta yana kai ruwa har bakin burushin. Ma'aikaci yana tsaye a ƙasa, ya goge gilashin, ya ɗauraye shi, ya bar shi ya bushe da kansa. Ba a sa sabulu, ba a bi da tsumma. An fara amfani da irin wannan sanda a Amurka tun shekarun 1950, amma a Ingila ne sana'ar ta bunƙasa daga shekarun 1990, lokacin da aka haɗa sandar da tataccen ruwa. A 2005 gwamnatin ƙasar ta kafa dokar aiki a wurare masu tsayi, wadda ba ta haramta tsani ba, amma ta wajabta wa mai ba da aiki ya kauce wa hawa sama muddin akwai hanyar yin aikin daga ƙasa. Daga nan masu wankin taga da dama suka koma ga sanda, kuma da yawa daga cikinsu, ganin tsadar kayan kamfani, suka riƙa sayen sassan ɗaya bayan ɗaya suna haɗawa a gida.

Sirrin aikin gaba ɗaya yana cikin ruwan. Ruwan rijiya ko na famfo, komai haskensa a ido, yana ɗauke da narkakkun gishiri da ma'adinai, kuma su ne ke barin farin tabo a gilashi idan ya bushe. Ana auna yawansu da wani ɗan ƙaramin ma'auni da ake kira TDS, wanda bai fi alƙalami girma ba. Ƙa'idar ruwan sha ta Nijeriya ta amince da abin da bai wuce miligiram 500 a kowace lita ba, amma masu wankin taga suna neman ƙasa da 10, har sun fi son ma'aunin ya nuna sifili. Wato ruwan da ya isa a sha bai isa a wanke taga da shi ta wannan hanya ba. Ana kai shi wannan matsayi ta matakai uku: matatar da ke tsare laka da kuma ta gawayi mai cire sinadarin kilorin, sai matatar da masu sana'ar fiya wata ke kira RO, wadda ke cire kimanin kashi 95 cikin ɗari na narkakkun abubuwan, sannan tulun ƙwayoyin rezin da ke tsotse ragowar.

Idan muka dubi jerin sassan, za mu ga cewa mafi yawansu ba baƙi ba ne a kasuwanninmu. Bunƙasar sana'ar fiya wata a kusan kowane gari ta sa matatun RO da gidajensu da tiyo da mahaɗansu suna samuwa a wurin masu sayar da kayan tace ruwa. Famfon da ake bukata ƙarami ne mai aiki da wuta bolt 12, irin wanda ke tura kimanin lita biyar a minti, kuma batirin da ake haɗawa da farantin hasken rana zai iya tafiyar da shi. Jarka mai lita 25 kuwa babu gidan da bai san ta ba. Amalanken da za a ɗora su a kai, kowane mai walda a Panteka ta Kaduna ko a Dei-Dei ta Abuja zai iya ƙera shi cikin yini guda, kuma 'yan'uwanmu masu tura kurar ruwa a unguwannin Ikko sun daɗe da nuna mana yadda ake jera jarkoki a kan tayoyi biyu. Abin da ya rage da ba makawa sai an saya na waje shi ne sandar kanta, da burushin, da rezin.

A nan ne batun tattalin arziki ya shigo. A watan Yuni na 2023 Babban Bankin Nijeriya ya haɗe kasuwannin musayar kuɗi wuri guda, darajar naira ta faɗi daga kimanin 460 a kan dala ɗaya zuwa sama da 750 cikin 'yan kwanaki, kuma a farkon 2024 ta zarce 1,500. Wanda ya yi odar cikakkiyar na'ura daga Turai zai biya da kuɗin waje farashin ƙarfen amalanken, da tankin roba, da batir mai nauyi, da ladan wanda ya haɗa su a can, sannan ya biya kuɗin jirgi da harajin kwastan a kan dukkan wannan nauyi. Wanda ya harhaɗa a gida kuwa zai taƙaita abin da zai kashe na kuɗin waje ga sassa uku ko huɗu marasa nauyi, sauran kuɗin su zaga a hannun mai walda da mai gyaran famfo da mai sayar da batir. Wannan shi ne ainihin abin da muke nufi idan muna maganar rage dogaro da kayan waje, kuma a irin waɗannan ƙananan sana'o'i ne ya fi sauƙin tabbata.

Akwai wata riba da ba ta fitowa a takardar farashi. Mutumin da ya haɗa na'ura da hannunsa ya san inda kowane tiyo ya shiga da inda ya fita. Ranar da famfo ya tsaya ana tsakiyar aiki, zai gane ko batir ne ya yi sanyi, ko iska ce ta shiga tiyo, ko matata ce ta toshe, ya gyara nan take. Ofisoshi da ma'aikatu a ƙasar nan cike suke da injunan da aka sayo da tsada, suka lalace a kan ɗan ƙaramin abu, aka jingine su saboda babu wakilin kamfanin a kusa. Ƙaramin ɗan kasuwa ba shi da halin ajiye jarinsa a lungu na tsawon watanni yana jiran saƙo daga ƙetare.

Sai dai ba zan ɓoye wa mai karatu cewa akwai hujjoji masu nauyi a ɗaya ɓangaren ba. Na farko shi ne arahar ƙwadago. Ɗan kwangila zai ce me zai sa ya zuba jari a na'ura alhali da kuɗi kaɗan zai sami matasa biyu da tsani? Amsata ita ce lissafinsa bai cika ba. Bai sa lokacin da ake ɓatawa wajen ɗaga tsani da sake kafa shi a kowace taga ba, bai sa mutum na biyu da aikinsa kawai riƙe gindin tsani ba, kuma bai sa ranar da ƙafa za ta zame ba. Dokar biyan diyya ga ma'aikata ta 2010 ta ɗora wa masu ɗaukar aiki biyan kashi ɗaya cikin ɗari na jimillar albashi ga asusun NSITF domin irin wannan rana, amma kowa ya san yawancin masu aikin yini ba su cikin rajistar kowa. Idan matashi ya faɗo ya karye a baya, iyalinsa ne ke ɗaukar asarar har ƙarshen rayuwarsa. Arahar da ɗan kwangila ke gani, wani ne ke biyan cikonta.

Hujja ta biyu ita ce tsadar ruwa, kuma wannan ce ke iya karya sana'ar idan ba a yi hattara ba. Matatar RO tana zubar da wani kaso na ruwan da ya shige ta, wanda a ƙananan na'urori yakan kai ko ya zarce abin da ta tace. Rezin kuma yana ƙarewa gwargwadon dattin da ya tsotsa. Alal misali, idan ruwan rijiyar burtsatse ya nuna 300 a ma'auni, aka zuba shi kai tsaye a kan rezin, zai cinye shi kusan sau ashirin fiye da ruwan da RO ta riga ta sauke zuwa 15. Saboda haka abu na farko da mai niyyar shiga sana'ar zai saya shi ne ma'aunin, ya auna ruwan unguwarsa kafin ya kashe ko kwabo a kan sauran kaya. A yankunan Ikko da ke gaɓar teku, inda ruwan ƙasa ke da gishiri da tsatsa, aikin tacewa zai fi tsada. Amma kudancin ƙasar nan yana da wata baiwa, wato yawan ruwan sama, wanda narkakkun ma'adinansa kaɗan ne ƙwarai. Wanda ya tara shi a tanki mai tsabta, bayan ya bar zubowar farko ta wanke rufi, ya rage wa kansa babban kaso na kuɗin tacewa. Ruwan da RO ta zubar kuwa yana da amfani wajen wankin daɓe da mota.

Ya kamata kuma a yi lissafin nauyi. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Idan aka saita famfo a kan lita ɗaya da rabi a minti, jarka guda za ta ƙare cikin minti goma sha shida ko sha bakwai na zubar ruwa. Ke nan aikin yini yana bukatar jarkoki da dama, kuma tun bayan janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kuɗin ɗaukar kaya ya zama abin da ba a raina shi. Dabarar da ta fi ita ce a tace ruwan a gida da daddare, a cika jarkoki, a nemi gine-ginen da ke kusa da juna, sannan a sa makunni a kan tiyo domin kada ruwa ya zuba yayin da ake matsawa daga taga zuwa taga.

Hujja ta uku ita ce na'urar ba ta dace da kowane gini ba, kuma gaskiya ne. Tagogin da aka jera gilasansu falle-falle za su shigar da ruwa cikin ɗaki. Waɗanda aka rufe da ƙarafan tsaro ko ragar sauro ta waje, burushi ba zai kai gare su ba. Gilashin da ya shekara ba a taɓa shi ba, ko wanda siminti da fenti suka manne masa, sai an fara kankare shi da hannu. Dogayen benaye irin su Cocoa House na Badun mai hawa 26 sun fi ƙarfin kowace sanda, aikinsu na masu igiya ne da suka sami horo na musamman. Kasuwar sandar ita ce gine-gine masu hawa biyu zuwa huɗu, inda sanda mai tsawon mita 6 zuwa 12 ta wadatar, kuma su ne mafi yawa: rassan bankuna, makarantu, asibitoci, gidajen mai da kantunan sayar da motoci. Bugu da ƙari, farantan hasken rana da suka yawaita a rufin gidaje da ofisoshi suna bukatar irin wannan wanki da ruwa marar tabo, domin ƙura tana rage wutar da suke bayarwa.

Akwai gargaɗi guda da ba zan wuce shi ba. Sauka daga tsani ya kawar da haɗarin faɗuwa, amma ya kawo wani. Sandunan alminiyam da na zaren kabon duk suna ɗaukar wutar lantarki, jiƙaƙƙiyar sanda kowace iri ce ma haka, kuma a garuruwanmu wayoyin wuta masu ƙarfin bolt 11,000 da 33,000 sukan ratsa dab da bangon gine-gine. Irin wannan wuta tana iya tsallakowa ko sanda ba ta taɓa waya ba. Wajibi ne a ɗaga kai a duba sama kafin a zuge sanda, kuma duk bangon da waya ta kusance shi a bar shi. Haka nan a nan ne tsumulmula ba ta da amfani: sandar da aka ƙaga daga bututun ruwa za ta lanƙwashe a sama, ta gajiyar da kafaɗa, ta iya kuɓucewa a kan mai wucewa. A ƙera amalanke a gida, amma a sayi sanda ta ƙwarai.

Daga ƙarshe, muna kira ga hukumomin da aka kafa domin irin wannan aiki, wato asusun horar da ma'aikata na ITF da ke nan tun 1971, da hukumar samar da aikin yi ta NDE, da hukumar raya ƙananan masana'antu ta SMEDAN, su sanya harhaɗa wannan na'ura da ƙa'idojin amfani da ita cikin darussan da suke bai wa matasa, domin horon 'yan kwanaki ya isa. Su kuma manajojin bankuna da masu gidajen haya da ke ba da kwangilar share-share, ya dace su riƙa tambayar ɗan kwangila ta yaya zai kai ga tagogin sama kafin su sa hannu, su kuma fifita wanda ma'aikacinsa zai tsaya a ƙasa. Ga ɗan kasuwar da ke karanta wannan, shawarata ita ce ya fara da ma'auni, ya auna ruwansa, ya zagaya kasuwa ya rubuta farashin kowane sashe, ya ƙirga gine-ginen da ke kewayen shagonsa, sannan ya yanke hukunci da alƙalumansa a gabansa.