Kaɗanya A Gonakin Kontagora: Man Kaɗe Ko Gawayi?

Duk ɗan Arewa da ya zauna a ƙasar Yarbawa ya ga yadda manomin koko yake barin manyan itatuwa a gonarsa, domin koko yana son inuwa. Haka kofi yake a ƙasar Habasha, inda can ne asalinsa. A yankin Kaffa da Jimma, a ƙarƙashin itatuwan kurmi yake 'ya'ya, inuwa ta tsare masa laima, ganyen da ya zuba kuma ya zama taki.

Manomin Kontagora ba ya noman kofi, amma ya gaji irin wannan dabara tun kaka da kakanni. Idan ya yi sassabe yakan bar kaɗanya da ɗorawa a tsaye, ya shuka dawa da masara a tsakaninsu. Gaskiya ne hatsin gindin itace ba ya kai na sarari kyau. To, amma da damina, daidai lokacin da rumbu ya yi ƙasa, mata ke tsintar ƙwarar kaɗanya su yi man kaɗe, su sami na cefane. Ɗorawa kuma ta ba da kalwar daddawa.

Abin da ke cin wannan gado shi ne gawayi. Gawayin kaɗanya yana daɗewa a wuta, masu tsire da masu shayi a nan kurmi ba sai an gaya musu ba. Ita kuwa kaɗanya takan yi shekara 15 zuwa 20 kafin ta fara 'ya'ya, alhali gatari a yini guda yake kayar da ita.

A watan Agusta na 2025 Gwamnatin Tarayya, ta bakin Mataimakin Shugaban Ƙasa Kashim Shettima, ta ba da sanarwar hana fitar da ɗanyar ƙwara waje har wata 6, wai don a riƙa sarrafa ta a gida. Niyyar ba ta da laifi, kuma Jihar Neja tana cikin manyan masu samar da ita. Sai dai nan take farashi ya faɗi a kasuwanni, kuma matan ƙauye ne suka fara ji a jikinsu.

A nan hatsarin yake. Kuɗin ƙwara na uwargida ne, kuɗin gawayi kuwa aljihun maigida yake shiga, kuma gonar tasa ce. Duk ranar da ƙwara ta yi arha, hujjar da uwargida za ta kafa don a bar itacen ta ragu, ga kuma mai babbar mota a bakin titi yana jiran buhunan da zai kai Legas.