Yariman Farisa da Wazirin Abubakar Imam: Me ya hana Zariya ƙera wasanta?

Duk wanda ya ratsa Samaru da yamma zai ji rugugin janareta da ihun samari a shagunan PlayStation, inda ake biya a buga ƙwallo a allo. A kasuwar Sabon Gari kuwa, masu harkar waya suna loda wa jama'a wasanni a kan 'yan kuɗi kaɗan. Tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayun 2023, abin da mai shago ke samu rabawa yake yi da gidan mai, wasannin kuma kusan duka daga ƙetare suke zuwa. A shekarar nan ta 2023 ne gwamnatin tarayya ta kafa ma'aikatar al'adu da tattalin arzikin ƙirƙira, ta kuma ƙaddamar da shirin 3MTT na horar da matasa miliyan uku, wanda ƙera wasannin kwamfuta na cikin darussansa. Tambayar ita ce: idan an horar da su, labarin wa za su ba duniya? Wani tsohon wasa na iya taimaka mana wajen amsawa.

A 1989 wani matashi Ba'amurke, Jordan Mechner, ya fitar da Prince of Persia, wato Yariman Farisa, a kan kwamfutar Apple II. Don ya samu motsi irin na ɗan Adam, sai ya sa wa ƙanensa David fararen kaya, ya ɗauki bidiyonsa yana gudu da tsalle, sannan ya bi hotunan ɗaya bayan ɗaya yana zanawa. Shi ya sa jarumin yake turjewa kafin ya tsaya, yake lilo da hannu a bakin katanga kamar mai jini a jika.

Tsarin wasan ba shi da sassauci. Sarki ya tafi yaƙi, Waziri Jaffar ya ƙwace mulki, ya ba gimbiya sa'a guda ta aure shi ko ta mutu. Minti 60 ɗin nan su ne na mai wasa, suna tafiya yana tsallake ƙayoyin ƙarfe, daɓe na ruftawa a ƙarƙashinsa, dogarai na tare shi da takobi. Da ma'ajiyar kwamfutar ta gaza ɗaukar sabon abokin gaba, Mechner ya sarrafa hoton jarumin ya fitar da inuwarsa. Wannan inuwa ba a cin ta da sara, sai an mayar da takobi kube an haɗe da ita. Rashi ne ya haifi wannan dabara. Kiɗan kuwa mahaifinsa Francis ne ya tsara, gajerun sautuka da ke tashi idan an mutu ko an gama mataki, sauran lokacin shiru ne ke riƙe da zuciyar mai wasa. Daga wannan aiki na cikin gida aka samu fim ɗin Disney a 2010, kamfanin Ubisoft na Faransa kuma ya sake fitar da sabon wasa a 2024.

Bahaushen da ya yi firamare ya san wannan Waziri. A littafi na farko na Magana Jari Ce, wanda Abubakar Imam ya rubuta a Zariya a shekarun 1930, Sarki Abdurrahman ya fita yaƙi, Wazirinsa ya ƙulla makircin gaje gadon sarauta, aku kuma ya yi ta jan hankalin Musa da labarai don kada ya fita ya faɗa tarko. Ga fada, ga maci amana, ga lokaci na ƙurewa. Ƙashin bayan wasa ke nan, yana kwance a laburare.

Masu zane ma ba baƙi ba ne a garin. A 1958 su Uche Okeke, Bruce Onobrakpeya, Demas Nwoko da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya, da manufar haɗa dabarun Turawa da salon gida. Sashen zane na jami'ar yana nan, cibiyar kwamfuta ta Iya Abubakar tana nan. Ganuwar birni, Dutsen Kufena da bakan gizo na Masallacin Juma'a sun isa filin wasa, algaita da kakaki na ƙofar fada sun isa kiɗa. A Kamaru, kamfanin Kiro'o Games na Olivier Madiba ya fitar da Aurion a 2016 duk da ɗaukewar wuta, bayan ya tara jari daga ɗaiɗaikun mutane.

Abin da ya rage shi ne haɗa hannuwa. Jami'a na iya amincewa ɗalibin kwamfuta da na zane da na Hausa su yi aikin kammala karatu guda tare. Gwamnatin Kaduna na iya samar da ɗaki mai wutar sola da intanet a Samaru, da ƙaramin tallafi da za a bayar ta gasa a fili, ba ta hannun 'yan uwa da abokan arziki ba. Masu haƙƙin tsofaffin littattafai su fito da sharuɗɗa masu sauƙi ga matasa. Su kuma matasan da ke zazzafar muhawara a Facebook, su tambayi masu neman ƙuri'arsu nawa aka ware wa wannan fanni, kuma hannun wa ya shiga. Idan shirin horarwa ya ƙare a takardar shaida kawai, yaron Sabon Gari zai ci gaba da biyan kuɗin fetur don ya ceto gimbiyar wasu.