Matan Banda Ma Magadan Su Ne

Da an ambaci gadon su a ƙasar Sakkwato da Kabi, hankali sai ya tafi Argungu, inda dubban maza ke rugawa cikin Matan Fada da homa da gora. Bikin ya cancanci martabarsa. Tun 1934 ake yinsa a wannan siga, kuma a 2016 UNESCO ta sa shi cikin al'adun da duniya ke alfahari da su. Sai dai ya dasa mana wani tunani da na ƙi amincewa da shi, wai su sana'ar maza ce zalla, kuma raya ta shi ne a yi biki, a auna giwan ruwa, a ba gwani kyauta.

A je Kalmalo, tafkin da ke kusa da Illela, dab da iyakar Birnin Konni. Kifin da aka fito da shi da hantsi, in ba a yi masa dabara ba, kafin dare ya yi zafin ƙasar nan ya lalata shi. A gidaje da yawa wannan dabara a hannun mata take. Mace ce ke feɗe tarwaɗa, ta wanke yauƙinta, ta lanƙwasa ta har wutsiya ta haɗu da kai, ta soke da tsinke, ta jera bisa waya. Ta san iccen da hayaƙinsa ke sa ɗaci, ta san wutar da ke busar da kifi ba tare da ta ƙona shi ba, ta san lokacin juyawa. Da wannan sani ne kamun rana ɗaya ke zama banda mai yin makonni, mai tsallaka iyaka, mai ciyar da gida da zubin adashe.

Za a ce ai mata ba sa shiga ruwa, don haka ba masunta ba ne. To, wa ya taɓa cire sussuka daga noma don ba a cikin kunya ake yin ta ba? Wasu kuma za su ce zamani ya kawo kifin ƙanƙara, banda ta zama tsohon yayi. Mai wannan magana bai lissafa da halin wutar lantarkinmu ba, bai kuma lura da yadda rufe iyaka a 2019 da 2023 ya tsayar da manyan motoci a Illela ba. Kayan da ke jure jira shi ne busasshe.

Hujjar da ta fi nauyi ita ce ruwan kansa yana ja da baya. Gaskiya ne, kuma madatsun da aka gina a kan kogin Maggiya a ɓangaren Nijar sun rage abin da ke gangarowa Kalmalo, duk da yarjejeniyar rabon ruwa da ƙasashen biyu suka ƙulla a Maiduguri a 1990. Wannan ne ma ya sa abin ya zama na gaggawa. Masunci kan ɗauki komarsa ya bi ruwa zuwa Goronyo ko Yawuri, matar kuwa tana nan gida, sana'ar na mutuwa a hannunta, 'yarta ba ta koya ba. Jami'ar Usmanu Danfodiyo tana da masana harshen Hausa da masana kiwon kifi. Ta tura ɗalibai mata su shiga gidajen nan, inda namiji baƙo ba ya shiga, su naɗi bayanin tsofaffin da ke raye, kuma duk ranar da za a zauna kan ruwan Maggiya a kira masu banda su faɗi abin da ƙafewar tafkin ta jawo musu.