Gwangwani, kofi da kanwa: mu koya wa yaranmu wankin hoto da hannunsu



Tun da aka kawo shawarar ƙungiyarmu ta ware Asabar ɗaya a kowane wata don koya wa matasa ɗaukar hoto da tsohuwar kyamara mai fim, ra'ayi ya rabu gida biyu. Wasu dattawanmu na cewa ɓata lokaci ne, tunda kowane yaro yana da waya a aljihu, kuma mutanen da ke fama da abin sawa a baki ba su da kuɗin fim. Maganarsu tana da nauyi. Duk da haka mu muna goyon bayan shawarar, kuma ga dalilanmu.

Kowa ya san abin da ya faru ranar 10 ga Satumba, 2024, lokacin da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye Gwange, Fori, Kasuwar Monday har da fadar Shehu. An yi asarar rayuka da dukiya, Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu. Akwai kuma wata asarar da ba a cika ambata ba. Wayoyi sun mutu da hotunan shekara da shekaru a cikinsu, albam na biki da na suna sun manne sun zama dunƙule. A gidaje da yawa yau, jika zai tambayi kamannin kakansa a rasa abin nuna masa.

Darasin shi ne kada mu ajiye tarihinmu a wuri ɗaya. Negatif na baƙi da fari, idan an wanke shi da kyau an adana shi a busasshen wuri, yana haura shekara hamsin ba tare da caji ko lambar sirri ba. Seydou Keïta ya buɗe situdiyonsa a Bamako a 1948, ya adana negatif ɗinsa, shi ya sa har yau duniya ke ganin yadda mutanen Mali na wancan zamani suke ado. A nan Najeriya, J.D. 'Okhai Ojeikere ya fara ɗaukar kitson matanmu a 1968, ya tara hotuna kusan dubu. 'Yar garin nan, Fati Abubakar, ta nuna wa duniya da aikinta na Bits of Borno cewa a Maiduguri akwai ɗinki da kasuwa da 'yan makaranta, ba labarin tashin hankali kaɗai ba. Muna son ƙannenta su taso sun san hoto tun daga tushe.

Sai batun kuɗi, wanda shi ne babbar hujjar masu adawa. Gaskiya ne fim ya yi tsada, kuma sai an yi odarsa daga nesa. To amma darasin farko ba ya buƙatar fim ko kyamara. A samu garin kurkum a jiƙa shi a cikin sifirit, a tace, a shafa ruwan a farar takarda a inuwa har ta bushe. A ɗora ganyen darbejiya a kai, a danne da gilashi, a ajiye a rana na wasu awoyi. Inda rana ta taɓa zai koɗe, inda ganye ya rufe zai tsaya rawaya. A zuba masa ruwan da aka narka bekin soda a ciki, sai siffar ganyen ta koma ja mai duhu. Zoɓo ma yana yi, sai dai shi yana ɗaukar kwanaki. Irin wannan hoton yana dushewa idan aka bar shi a haske, don haka a cikin littafi ake ɓoye shi. Yaron da ya yi wannan sau ɗaya ya gane cewa hoto rubutun haske ne.

Darasi na biyu shi ne kyamarar gwangwani. A ɗauki gwangwanin madara mai murfi, a shafe cikinsa da baƙin fenti. A huda gefensa, a liƙa ɗan yankin gwangwanin lemo a kan hudar, sannan a tsaga wannan yankin da tsinin allura, rami ƙarami da bai kai rabin milimita ba. A rufe ramin da baƙin salatif. A cikin duhu a sa takardar hoto ta fuskanci ramin, a rufe murfi. A fita waje, a ɗora gwangwanin a kan bulo don kada ya motsa, a ɗaga salatif na daƙiƙa ashirin zuwa minti ɗaya gwargwadon ƙarfin rana, a mayar. Shi ke nan an ɗauki hoto. Wannan ilimi ba baƙo ba ne a wurinmu. Ibnul Haisam, haifaffen Basra da ya yi aiki a Alƙahira kimanin shekara dubu da suka wuce, ya bayyana a littafinsa Kitabul Manazir yadda haske ke tafiya a miƙe ya ratsa ƙaramin rami ya bayyana a ɗaki mai duhu. Da tsohuwar zuma ake magani.

Idan takardar hoto ta yi wuyar samu, fim ɗin hoton ƙashi da ake sayarwa a shagunan kayan asibiti yana maye gurbinta. Faranti ɗaya ana yanka shi gida da yawa, kuma ana iya aiki da shi a ƙarƙashin jan ƙwai mara ƙarfi. Matsalarsa saurin karcewa, domin fuska biyu ke gare shi, sai a riƙe shi ta gefe.

Wankin ma akwai dabararsa ta kicin. A 1995 wani malami, Scott Williams, da ɗalibansa a cibiyar fasaha ta Rochester da ke Amurka suka nuna cewa kofi yana wanke fim. Awon da aka fi sani shi ne ruwa lita 1, sodar wanki giram 54, garin bitamin C giram 16, da garin kofi mai narkewa irin na mai shayi giram 40. A fara narkar da sodar, sai bitamin, sai kofi daga ƙarshe. Fim na baƙi da fari yana ɗaukar kimanin minti 15 a ruwa mai zafin digiri 20, ana jujjuya shi kowane minti. Warinsa babu daɗi, amma hoto yana fitowa. Wanda bai samu sodar wanki ba, ya gasa bekin soda a busasshiyar tukunya har ta daina huci, ta zama ita. Abu ɗaya da dole a saya shi ne fiksa, maganin da ke tsayar da hoto don kada ya yi baƙi idan ya ga haske.

A nan ne muke da wani gwaji namu na gida. Kanwar da ake kawowa daga yankin Tafkin Chadi dangin wannan soda ce. Ƙarfinta yana bambanta daga dunƙule zuwa dunƙule, kuma tana da ƙasa a jiki, don haka sai an daka, an gasa, an narka, an tace. Muna so ɗalibanmu su gwada ta a kan 'yan guntayen fim, su rubuta awo da minti da sakamako a littafi har su gano ma'aunin da ya dace. Yaron da ya saba da auna giram da rubuta abin da ya gani, darasin kimiyya a makaranta ba zai ƙara ba shi tsoro ba.

Yanayin garinmu yana da nasa sharuɗɗan. A watan Afrilu zafi yana wuce digiri 40, ruwan famfo kuma ya yi ɗumi, wanda ke sa fim ya wanku fiye da kima, fuskarsa ta yi laushi. Ruwan randa ya fi, a ƙara masa 'yar ƙanƙara, a duba da ma'aunin zafi. Lokacin da ya fi dacewa a fara shi ne sanyin safiyar Disamba da Janairu. Sai dai a lokacin ƙurar hunturu ce abokiyar gaba, domin tana manne wa jiƙaƙƙen fim ta ƙi fita. A yayyafa ruwa a ƙasan banɗaki, a rataye fim ɗin a ciki, a rufe ƙofa har ya bushe. Ɗakin duhu kuwa ba zai gagare mu ba: dare, bargo a taga, da tsumma a ƙasan ƙofa. A tuna fim na kyamara ba ya jure ko jan haske, da laluben hannu ake naɗa shi.

Ga waɗanda suka gaji kyamara a akwatin mahaifinsu, akwai wasanni masu daɗi. Tsofaffin masu situdiyo kan rufe rabin gilashin kyamara su ɗauki mutum, su rufe ɗaya rabin su sake ɗaukarsa a kan fim ɗaya, sai ga shi yana zaune kusa da kansa. Ana iya haɗa fuskar tsoho da ganyen bishiya ta wannan hanya, a rage hasken kowace ɗauka da rabi. Fim da ya wuce wa'adinsa ma kada a yar, a ƙara masa haske ninki ɗaya a kan kowace shekara goma, launin da zai bayar wani lokaci ya fi na sabo armashi. Kuma fim ɗaya hoto 36 ne kacal. Wanda ya san haka zai tsaya ya duba haske da inuwa kafin ya danna, kuma wannan natsuwar za ta bi shi har kan wayarsa.

Ba mu ce a jefar da waya ba, ita ce ma abokiyar aikin. A kunna farin allo a waya ɗaya, a riƙe negatif a ɗan sama da shi, a ɗauka da wata wayar, a juya launin da manhaja. Nan take hoton bikin da aka yi a 1985 zai dawo. Kwafi ɗaya ya tafi intanet, negatif ɗin kuma ya shiga roba mai murfi a can saman kabad inda ruwa ba ya kaiwa.

Akwai ƙa'idojin da ba za mu yi sassauci a kansu ba. Ba a ɗaukar kowa sai da izininsa, musamman mata da yara. Ba a nuna kyamara ga shingen jami'an tsaro, kuma ba a ajiye gwangwani a bakin titi ko kasuwa a tafi, kowa ya san halin da garin nan ya shiga. A cikin gida za a yi gwaji. Fiksar da aka gama aiki da ita tana ɗauke da azurfa, ba a zubar da ita kusa da rijiya, kuma kwanon wankin hoto ba ya komawa kicin.

Roƙonmu ga 'yan uwa shi ne kowa ya duba akwatunan gida. Mai tsohuwar kyamara ya ba mu aro, za a rubuta sunansa a mayar masa. Mai negatif, ko da ruwa ya taɓa shi, kada ya goge ko ya shanya a rana, ya kawo mu duba tare. Muna kuma neman dattawan da suka yi sana'ar wankin hoto a garin nan su zo su zauna da yaran, domin abin da ke hannunsu ba ya cikin littafi. Mu gwada na wata uku da yara goma. Idan ba su fito da hoton da iyayensu za su so ratayewa a bango ba, masu adawa sun yi gaskiya, sai mu mayar da Asabar ɗin ga wani aiki.

Allah Ya ba mu zaman lafiya mai ɗorewa.

Sakatare, a madadin kwamitin gudanarwa